Lambar da Zeinabou Ta Goge

Bobiel, Yamai
6 ga Mayu

Zuwa ga Kawuna Malam Halidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Mariyam da duk mutanen gida. Yaya idon? Mu nan Yamai lafiya lau, sai zafi da ɗaukewar wuta. Maigidana Isaka yana gaishe ka, yana nan yana kai da komo tsakanin gida da biro, wato ofishinsu, a unguwar Plateau.

Kawu, har yanzu ina tuna ranar da ambulan ɗin wasiƙarka ya iso. Ina kishingiɗe a gindin darbejiyar tsakar gida, ina karanta wani labarin soyayya a waya, an kai daidai inda yarinyar ke jiran wasiƙa, sai ga Isaka ya shigo daga tasha ya miƙo mini tawa. Na buɗe na ga takardarka da ɗan kile, filashin nan da ake soka wa ordinater, wato kwamfuta. Ka ce a ciki akwai littafin da ka rubuta shekara ashirin da suka wuce kan majeman Damagaram, kakanninmu masu jimar fata. Ka ce kwafi ɗaya ya rage maka, rubutunsa kuma ya yi wa idonka ƙanƙanta, kana so in mayar da shi irin wanda ake karantawa a waya. Tun daga ranar ban koma kan labarin can ba. Har yau ban sani ba ko wasiƙar ta iso wa yarinyar.

Na ɗauka aikin kwana uku ne, tunda na saba shirya wa ƙawayena marubuta labaransu. Ashe wata biyu zai ci. Mutumin da ya tsara maka shafuka a imprimeri, gidan buga littattafai, Allah ya saka masa, da hannu ya yi komai. Shi littafin waya ba ya ganin girman rubutu, sai an gaya masa sunan kowane abu: wannan kan babi ne, wannan sakin layi ne, wannan waƙa ce. Fishiyen naka kuwa, wato fayil ɗin da ke cikin kilen, babu abin da aka raɗa wa suna. Kan babi an ƙara masa girma da kauri ne kawai. Farkon sakin layi an tura shi ciki da fili biyar, wani wurin bakwai. Ƙarshen kowane layi an karya shi da gangan don ya dace da faɗin takarda, shi ya sa da na gwada a waya jimlolin suka fito gutsi-gutsi kamar ɓarzajjen gero. Haruffanmu masu lanƙwasa duk sun koma ƙananan akwatuna. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na gyara.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ƙananan lambobin nan da ke rataye a saman kalmomi, da bayanansu da ka jera a ƙarshen littafi, inda kake faɗin wanda ya ba ka kowane labari. Gaskiya ni ban taɓa karanta littafi mai irinsu ba. A labaran da na saba, ba a tambayar marubuciya wa ya gaya mata. Su ma da hannu aka buga su, babu abin da ya haɗa lamba da bayaninta. Sai na sa ordinater ta tattaro duk masu rataye ta ba su sabon lissafi, ta farko ta riƙe bayani na farko, ta biyu na biyu, har ƙarshe. Guda ɗaya ce a shafin ƙarshe ta rage marainiya, ba ta da bayani. Na ga alamar mantuwar mai imprimeri ce, na goge ta.

Ga tsohuwar tablet ɗin Isaka nan a cikin kwali, na sa littafin a ciki. Ka ja yatsu biyu rubutu zai yi girma yadda kake so. In ka taɓa lamba, bayaninta zai fito nan take. Na san ka ce maganar waya iska ce, kunnenka ma ba ya jin ta, don haka zan jira amsarka a takarda. Na riga na gama ganinka a raina, kana zaune a zaure da shayi, kana karantawa kana gyaɗa kai.

'Yarka,
Zeinabou

*

Birni, Damagaram
9 ga Mayu

Zeinabou,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kaya sun iso. Na karanta har babi na huɗu.

Ki dakata. Kada ki ba kowa littafin nan. Abin da na gani a ciki ba haka na rubuta shi ba.

Ba zan iya tsawaitawa yau ba. A gaida Isaka.

Halidu

*

Bobiel, Yamai
24 ga Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna Mariyam. Ina fatan jiki lafiya. Mu ma lafiya, sai dai ni zuciyata ba ta kwanta ba.

Yau sati biyu ke nan da samun takardarka. Na karanta ta ya fi sau talatin. Kai da kake cika shafi huɗu kan maganar ruwan sama, ka rubuto mini layi biyar da manyan haruffa a karkace, ko "'yata" ba ka ce ba. Na kira wayarka sau uku, a kashe. Inna kuwa kunya ta hana ni kiranta.

Na zauna na yi ta lissafin laifina. Ko ɗan furen da na sa a saman kowane babi ne ya ɓata maka rai? Na san littafin tarihi ne, amma shafukan sun yi mini tsirara. Ko bangon ne, da na sa masa jan launi irin na fatar da aka rina? Ko kuwa ka ga na taɓa maka kalma? Wallahi ban canza ko ɗaya ba. Isaka ya ce, "Ke matsalarki, duk gajeriyar wasiƙa sai kin rubuta mata babi goma a kanki. Mai yiwuwa alƙalaminsa ne ya ƙare." Na ce masa a duk labarin da na karanta, in babba ya taƙaita magana to ya yanke hukunci ne. Ya ce Kawu ba mutumin cikin labari ba ne, tsohon diraktan lekol ne, shugaban makaranta guda. Ko dambu da kopto, kwaɗon ganyen nan, da maƙwabciyata ta aiko ranar ban iya ci ba.

Akwai kuma abin da ya kamata in faɗa maka tun farko. Kafin takardarka ta iso na riga na tura littafin Maradi, wajen Rukayya, jikar Gwaggo Safiya. Doki ne ya ɗebe ni. Na ga Gwaggo ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka Bawa, shekarunta sun kusa casa'in, littafin kuma labarin gidan mahaifinta ne, ba ta taɓa jin an karanta mata shi ba. Rukayya ta ce kullum bayan la'asar take karanta mata, Gwaggo tana jin daɗi ƙwarai. Duk inda aka faɗi wani abu sai ta ce, "Wa ya gaya wa Halidu wannan?" Sai Rukayya ta taɓa lambar ta karanta mata sunan. Da ka ce kada in ba kowa, na kasa cewa ta daina, don ban san abin da zan ce dalili ba, ban kuma so in ƙwace wa tsohuwa abin da take jin daɗinsa saboda ɗan fure.

In aikina bai yi ba, ka faɗa mini kai tsaye, zan jure. Isaka ya san wani mai tsara littattafai a unguwar Yantala, sai a kai masa.

'Yarka mai neman afuwa,
Zeinabou

*

Birni, Damagaram
27 ga Mayu

'Yata Zeinabou,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Rubutun da kike gani na Mariyam ne, ni nake faɗa tana rubutawa. Muna lafiya. Ranar da na aiko miki layi biyar ɗin nan, washegarinta aka yi mini aikin cire yanar ido. Ban gaya wa dangi ba, don na san za a cika mini gida da kuka da kwanukan kunu. Likita ya hana ni karatu da rubutu na sati uku. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Jiya na ga ƙadangare a kan katanga, har da launin kansa.

Furenki bai dame ni ba. Bangon ma ya fi na da. Shekara shida ban karanta littafina da idona ba sai a tablet ɗin nan, kuma da na ga sunan mahaifina da manyan haruffa sai da na ajiye ta na ɗan fita waje.

Ga abin da ya sa na ce ki dakata, shi ne kuma dalilin da Mariyam ta kira ki da safe ta ce ki tsayar da Rukayya. Sauran bayanin ba na waya ba ne. A babi na huɗu na ba da labarin rabuwar Kaka Bawa da ƙanensa Buba, yadda Bawa cikin fushi ya lalata wa ƙanensa fata arba'in a majema, abin da ya raba gidajen biyu shekara talatin. Wanda ya ba ni labarin wani tsoho ne maƙwabcinsu, ya roƙe ni in sakaya sunansa, haka kuma na rubuta a bayanin. A littafina na takarda lambar wurin sittin da uku ce. A naki sittin da huɗu ce, da na taɓa ta kuwa sai na ga: "Daga bakin Safiya 'yar Bawa, a ɗakinta."

Ke yarinya ce, ba ki san abin da ya faru ba lokacin da littafin ya fito. Gwaggo ta ji a bakin mutane cewa na sa wannan labari, ta yi shekara guda ba ta amsa gaisuwata. Ita har gobe cewa take mahaifinta bai aikata ba. Da kyar muka shirya. Yanzu a ce jikarta ta karanta mata cewa ita ce ta tona asirin ubanta, ni kuma na buga wa duniya da sunanta. Tsohuwa ce, ban sani ba ko akwai wata shekarar da za mu sake shiryawa a cikinta.

Ban san yadda sunanta ya koma can ba. Na san dai ba da gangan kika yi ba. Ki bincika a hankali. Kada ki kai wa mutumin Yantala, ke na ba.

Kawunki,
Halidu

Zeinabou, ni ce Inna. Na gaya masa tun ran nan ya bari in rubuta miki dalili, ya ce shi bai taɓa ba wani alƙalaminsa ba. Ga shi yau ya bayar. Ki ci abinci.

*

Bobiel, Yamai
31 ga Mayu

Kawuna,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya ƙara wa ido haske. Ina gaida Inna, ki gaya mata, au, ka gaya mata na ci abinci har na ƙara. Jiya aka yi mana ruwan farko, ƙanshin ƙasa ya cika unguwa.

Bari in fara da abin da kake jira: Gwaggo ba ta ji ba.

Da Inna ta kira ni, ban tsaya sa takalmi ba na fita ƙofar gida inda waya ta fi kamawa, na kira Rukayya na ce ta dakata da karatu, akwai gyara. Ta ce to. A lokacin ban san abin da nake gudu ba. Sai da wasiƙarka ta iso washegari, na karanta ta a tsaye, sannan na gane. Na sake kiran Rukayya na ce, "Don Allah a wace lamba kuka tsaya?" Ta ce bari ta duba. Wannan ɗan jiran da na yi, Kawu, ban taɓa karanta babin da ya kai shi tsawo ba. Sai ta ce, "Hamsin da tara."

Saura biyar. Sati uku suna karatu, littafin da ni na cinye a kwana biyu. Na ce me ya riƙe ku haka? Ta ce, "Ke kin san Gwaggo. In na karanta layi uku sai ta ce tsaya, ba haka aka yi ba, ta ba da nata labarin har a kira magariba. Ranar Talata ma kan rijiyar majema kaɗai muka wuni." Ban taɓa gode wa Allah kan yawan maganar tsohuwa ba sai ranar.

Ashe ma ta riga mu ganin ɓarnar. Rukayya ta ce da suka kai waƙar da mata ke yi in suna dakan bagaruwa, Gwaggo ta tambayi wa ya rera wa Halidu. Aka taɓa lamba, sai ga sunan limamin unguwa. Wai Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Liman da ko tafi ba ya yi? Halidu ya fara tsufa tun yana yaro." Rukayya ta ɗauka kuskurenka ne, ta yi shiru don kada ta kunyata ka. Na ce mata nawa ne, ta kuma goge wancan littafin daga wayarta ina kan layi.

Sannan na koma neman inda abin ya karkace. Allah ya taimake ni Isaka ya sa na ajiye fishiyenka na asali ban taɓa shi ba. Tunda ka ce taka sittin da uku ce tawa sittin da huɗu, na san lamba ɗaya ta shigo a wani wuri. Na buɗe biyun gefe da gefe, ina kiran lamba, Isaka yana dubawa. Ɗaya daidai, goma daidai, arba'in daidai, arba'in da ɗaya daidai. Ta gaba sai ya ce, "Tsaya. Nan ba arba'in da biyu aka rubuta ba, arba'in da ɗaya bis ne."

Ni ban san bis ba. Isaka ya ce haka mutanen lekol na da suke yi in sun tuna abu bayan an gama lissafi, maimakon a sake lambobi duka sai a maimaita ta baya a ƙara mata wannan 'yar kalma. Ya ce da alama ka tuna wata tsohuwa ana dab da bugawa, mai imprimeri kuma ya ga ba zai sake buga lamba ɗari da arba'in da wani abu da hannu ba. A ƙarshen littafi kuwa, don kada shafi ya ƙaru, ya manna bayanin bis ɗin a wutsiyar na arba'in da ɗaya, sakin layi guda. Ordinater ta ƙirga lambobi ɗari da tamanin da bakwai a cikin labari, bayanai ɗari da tamanin da shida a baya. Daga nan kowa ya zame ya riƙe bayanin na gaba da shi. Liman ya samu waƙa, Gwaggo ta samu abin da ba ta faɗa ba.

Ka tuna marainiyar lambar da na ce na goge? Ita ce ta tsaya a shafin ƙarshe tana gaya mini lissafi bai cika ba, ni kuma na share ta na yi maka alfahari. Laifin nan nawa ne, ba na mai imprimeri ba. Wata biyu na yi ina gyara fili da akwatuna da furanni, ban zauna na karanta bayanan nan ko sau ɗaya ba, don na ɗauke su kamar jerin sunayen da ake tsallakewa. Shekaranjiya na karanta su duka. Akwai mai awo da ta ba ka labari tana auna gero, akwai makahon da ya gane fatar Kaka Buba da shafawa, akwai mutum bakwai da ka rubuta sun rasu kafin littafin ya fito. Arba'in da ɗaya bis ɗin ma na same ta: tsohuwar da ta ajiye wuƙar jima ta mijinta a ƙarƙashin gado shekara ashirin. Ba mamaki ka ƙi barinta a baya.

Na raba bayanin biyu, na mayar da marainiyar wurinta, lissafi ya cika. Na taɓa lambar babi na huɗu, tsohon maƙwabci ne ya fito, sunansa a sakaye. Na taɓa ta sau biyar don in tabbata.

Duk da haka ba zan tura wa kowa ba tukuna. Isaka ya ce ai ya daidaita, in aika kawai. Na ce wancan karon ma na ga kamar ya daidaita. Fishiye ɗaya nake da shi, kwafin takarda kuwa da littattafan da ka yi rubutu a ciki lokacin bincike suna wurinka. Rukayya ta ce Gwaggo ta fara tambayar yaushe za a ci gaba, ta ce mata ana wanke littafin. In an kai babi na huɗu za ta yi faɗa kan labarin kamar yadda ta yi a da, wannan kai da ita ne, amma ba za ta ji sunanta a kai ba.

Na yi magana da Isaka, ya amince. Ranar Alhamis zan shiga motar Damagaram da ordinater ɗina. Ni zan riƙa taɓa lamba ina karantawa, kai kana dubawa a takarda da sabon idonka, daga ɗaya har ɗari da tamanin da bakwai. Ka ce wa Inna ta share mini ɗakin baya.

'Yarka,
Zeinabou